Ƙwayar Gado ta PLP1 da Ginin Mayalin a Ƙwaƙwalwa: Nazari a Kan Cutar Pelizaeus-Merzbacher

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazari a kan ƙwayar gado guda ɗaya mai suna PLP1, da aikinta wajen gina mayalin, wato rufin kitse da ke naɗe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. An bi tarihin cutar Pelizaeus-Merzbacher tun daga 1885 da aka fara bayyana ta a Jamus, sannan aka kwatanta hanyoyi uku da ƙwayar ke samun matsala: ko ta gurɓace, ko ta ninku, ko ta ɓace ɗungurungum. Nazarin ya nuna cewa ɓacewar ƙwayar ta fi gurɓacewarta da ninkuwarta sauƙi ga majinyaci, kuma wannan ne ya karkatar da masu neman magani zuwa ga rage aikinta maimakon ƙara shi. Daga ƙarshe maƙalar ta jawo hankalin likitocin yara da sauran ma'aikatan lafiya ga alamomin da ke bambanta wannan cuta da raunin ƙwaƙwalwa na lokacin haihuwa, da kuma irin bayanin da ya dace a yi wa iyali.

1.0 Gabatarwa

Abin da aka fi sabawa da shi a cututtukan gado shi ne rashi. Ƙwayar gado ta lalace, furotin ɗin da take sarrafawa ya yi ƙaranci ko ya ɓace, jiki kuma ya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi saboda abin da ya rasa. Cutar rashin daskarewar jini misali ce a fili: akwai furotin ɗin da babu shi a jinin yaro, idan aka ba shi ta allura sai jinin ya tsaya. A irin wannan yanayi hanyar magani a bayyane take, a mayar da abin da ya ɓata.

Akwai ƙwayoyin gado da ba su bin wannan tsari, kuma PLP1 tana sahun gaba a cikinsu. Yaron da aka haifa ba shi da ita kwata-kwata yakan zauna, yakan yi magana, sau da yawa ma yakan taka da ƙafarsa. Wanda aka haifa da kofi biyu masu lafiya, maimakon ɗaya, da wuya ya yi tafiya ba tare da tallafi ba. Wanda kuwa harafi ɗaya tak ya sauya a cikin tasa, yana iya kasa ko ɗaga kai har ƙarshen rayuwarsa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin wannan bambanci, da abin da yake koya mana game da yadda ake gina mayalin, da yadda ya sauya alƙiblar neman magani.

2.0 Mayalin da Aikinsa

Kowane sel na jijiya yana da wani dogon zare da ake kira akson, wanda ta cikinsa saƙo ke wucewa a matsayin ɗan motsin lantarki. Wani akson bai kai milimita ɗaya ba, wani kuma, kamar wanda ya taso daga ƙasan laka zuwa babban yatsan ƙafa, yakan kai mita guda. Idan akson tsirara yake, saƙo yana tafiya a cikinsa da saurin mita ɗaya zuwa biyu a daƙiƙa. Idan an rufe shi da mayalin, saurin yana iya haura mita 100 a daƙiƙa.

Masanin nan na Jamus, Rudolf Virchow, shi ya raɗa wa wannan rufi suna a 1854. A shekarun 1870 Louis-Antoine Ranvier na Faransa ya lura cewa rufin ba a haɗe yake daga farko har ƙarshe ba, gaɓa-gaɓa ne, da ɗan fili a tsakanin kowace gaɓa da mai bi mata. A waɗannan filaye ne ƙofofin sodiyam suke taruwa, don haka saƙo ba ya jan jiki a hankali, tsalle yake yi daga wannan fili zuwa wancan. Andrew Huxley da Robert Stämpfli sun tabbatar da wannan tsalle a gwajin da suka buga a 1949.

Sel iri biyu ne ke gina mayalin. A jijiyoyin hannu da ƙafa da sauran sassan jiki, sel ɗin Schwann ne ke aikin, kowane ɗaya yana rufe gaɓa ɗaya. A ƙwaƙwalwa da laka kuwa aikin na oligodendurosait ne, wanda Pío del Río Hortega na Sifaniya ya bayyana a 1921, kuma guda ɗaya yana iya rufe gaɓoɓi masu yawa a kan akson daban-daban. Wanda ya taɓa tsayawa ya ga ana naɗa rawani zai fahimci yadda abin ke gudana: ƙyalle ɗaya ne mai tsawo, ana zagayawa da shi, zagaye a kan zagaye, har ya zauna daram. Haka sel yake miƙo wani ɓangare na fatarsa, ya shimfiɗa shi, ya yi ta zagaye akson da shi sau gommai. Bambancin kawai shi ne, a mayalin sabon zagaye ta ƙarƙashi yake shiga, dab da akson. Idan naɗin ya kammala sai a matse ruwan da ke tsakanin zagayen, su manne da juna. Kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na busasshen mayalin kitse ne, shi ya sa sashen ƙwaƙwalwa da ya cika da shi yake fari.

Wannan aiki yana farawa tun jariri yana ciki, ya yi ƙarfi ƙwarai a shekaru biyu na farko, sannan ya ci gaba a hankali har mutum ya wuce shekara 20. Riƙe wuya, zama, rarrafe, tsayuwa da tafiya duk suna tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da yaɗuwar mayalin. A wasu cututtuka, irin su wadda ake kira MS, an gina mayalin lafiya lau, daga baya ne garkuwar jiki ta far masa. A cutar da muke magana a kanta, tun farko ne ba a gina shi yadda ya kamata ba.

3.0 Ƙwayar Gado ta PLP1 da Furotin Ɗinta

A 1951 Jordi Folch da Marjorie Lees, suna aiki a asibitin McLean da ke jihar Massachusetts ta Amurka, suka tace wani furotin daga farin sashen ƙwaƙwalwa. Abin da ya ba su mamaki shi ne, ba ya narkewa a ruwa kamar sauran furotin, sai a cikin sinadaran da ke narkar da kitse. Wannan shi ne PLP. Shi ne furotin mafi yawa a mayalin na ƙwaƙwalwa da laka, domin ya haura kashi ɗaya bisa uku na dukkan furotin ɗin da ke ciki, tsofaffin ma'aunai ma sun kai shi kusan rabi.

A 1985 Huntington Willard da John Riordan suka gano cewa ƙwayar gadon da ke sarrafa shi tana kan kuromosom X, daga baya aka tantance mazauninta a yankin da ake kira Xq22. Tana da yankuna bakwai da ake haɗawa kafin a karanta saƙonta, kuma furotin biyu take fitarwa. Na farko shi ne PLP, mai amino asid 276, wanda ke ratsa fatar sel sau huɗu. Na biyu shi ne DM20, wanda daidai yake da na farko sai dai an cire masa amino asid 35 daga tsakiya. DM20 ne ke fara bayyana tun kafin a soma naɗin mayalin, daga bisani PLP ya rinjaye shi. Jerin amino asid na PLP a jikin ɗan Adam da na ɓera iri ɗaya ne, babu bambancin ko guda. Wannan ya nuna cewa furotin ne da ba ya jure sauyi, ya kuma sa ɓera ya zama dabbar gwaji da za a iya dogara da ita a wannan fanni.

4.0 Cutar Pelizaeus-Merzbacher

4.1 Tarihi

A 1885 wani likita Bajamushe, Friedrich Pelizaeus, ya ba da rahoton wata zuriya da yara maza biyar a cikinta suke fama da larura iri ɗaya: rawar ido tun suna jarirai, kasa riƙe kai, sandarewar gaɓoɓi da jinkirin girma. Ya lura cewa ta hannun uwaye cutar take bi, amma su uwayen ba ta taɓa su. A lokacin ba a san kuromosom X ba. A 1910 Ludwig Merzbacher ya sake bibiyar wannan zuriya, ya kuma duba ƙwaƙwalwar ɗaya daga cikinsu bayan rasuwarsa. Ya tarar farin sashen ba shi da mayalin, sai ɗan tsibiri nan da can a kewayen hanyoyin jini, dabbare-dabbare. Shekara 100 cif bayan rahoton Pelizaeus aka gano mazaunin PLP1 a kan kuromosom X, sannan a 1989 rukunonin masu bincike a Amurka, ciki har da na Lynn Hudson, suka sami sauye-sauye a wannan ƙwaya a jikin majinyata. A Amurka ana ƙiyasta cewa cutar tana samun namiji ɗaya cikin maza 200,000 zuwa 500,000.

4.2 Alamomi

Cutar tana da matakai, daga mai tsanani zuwa mai sauƙi. Mafi tsanani tana bayyana tun makonnin farko. Jariri yana sakin jiki, numfashinsa yana ƙugi idan ya ja iska, tsotso da haɗiya suna yi masa wuya, wani lokaci da jijjiga. Irin waɗannan yara ba su kaiwa ga tafiya, magana ma sai abin da ba a rasa ba, kuma da yawansu ba su wuce ƙuruciya ko samartaka.

Wadda aka fi gani tana farawa ne a watannin farko da rawar ido. Uwa za ta lura idanun jaririn ba su tsayawa wuri ɗaya, suna kaɗawa gefe da gefe ko suna ɗan juyawa. Idan ta zaunar da shi a cinyarta sai kan ya riƙa rawa. Wata shida ya wuce bai zauna ba, shekara ta zagayo bai rarrafa ba. Jikin da ya kasance a sake sai ya fara ƙagewa, musamman ƙafafu, hannu kuma yana karkarwa idan ya miƙa zai ɗauki abu. Abin lura a nan shi ne, waɗannan yara sukan ci gaba da koyon sababbin abubuwa sannu a hankali a shekaru goma na farko, fahimtarsu kuma takan fi abin da bakinsu ke iya furtawa. Da kyakkyawar kulawa da yawa suna kaiwa shekarun manyantaka.

A can ɗaya ƙarshen akwai larurar da ake kira SPG2, wadda masu bincike a Faransa suka nuna a 1994 cewa ita ma daga PLP1 take. Mai ita yana tafiya, yana karatu, yana sana'a, illa dai ƙafafunsa suna ƙara sandarewa da tafiyar shekaru.

5.0 Hanyoyi Uku na Lalacewa

5.1 Gurɓacewa

A wani kaso na majinyata, harafi ɗaya ne ya sauya a cikin ƙwayar, sai amino asid ɗaya ya maye gurbin wani. Kafin PLP ya isa fatar sel, dole ya bi ta wani sashe na cikin sel da ake kira endofilasmik retikulum, inda ake lanƙwasa furotin ya ɗauki siffarsa, a kuma tantance shi. Wanda bai lanƙwasu daidai ba, ba a barin shi ya fita. Matsalar ita ce yawa. Oligodendurosait da ke tsakiyar aikin naɗi yana sarrafa PLP ba ƙaƙƙautawa, don haka gurɓataccen furotin yana taruwa fiye da yadda sel zai iya kwashewa. Sel yana da hanyar kare kansa, yakan rage sarrafa furotin ya ƙara masu gyara, amma idan cunkoson ya ƙi ƙarewa, wannan hanya ita ce ke juyewa ta ba shi umarnin mutuwa.

Ɓeran gwaji da ake kira jimpy shi ya fi nuna wannan a sarari. A 1986 Klaus-Armin Nave da abokan aikinsa suka gano cewa saƙon PLP na wannan ɓera ya rasa haruffa 74, abin da ke gurɓata ƙarshen furotin ɗin. Mazan suna fara karkarwa tun suna 'yan kwanaki, jijjiga ta biyo baya, su mutu a wajen mako na uku zuwa na huɗu. Idan aka duba ƙwaƙwalwarsu sai a tarar yawancin oligodendurosait sun mutu.

Alexander Gow da Robert Lazzarini sun ƙara haske a 1996. Sun nuna cewa idan sauyin ya sa PLP da DM20 duka sun maƙale a cikin sel, cutar takan yi tsanani. Idan kuwa DM20 ya samu ya fita zuwa fatar sel, takan zo da sauƙi. Shi ya sa sauyin da ya faɗa cikin amino asid 35 ɗin nan da DM20 ba shi da su yakan haifar da larura mai sauƙi.

5.2 Ninkuwa

Wannan ita ce hanya mafi yawa, domin fiye da rabin majinyata, kusan kashi 60 zuwa 70 cikin 100, ita ce matsalarsu. Wani yanki na kuromosom X da ke ɗauke da PLP1 ya maimaitu, sai yaro namiji ya tashi da kofi biyu. Babu harafin da ya sauya, furotin ɗin lafiyayye ne, yawa kawai ya yi. A 1994 David Ellis da Sue Malcolm a Landan suka ba da rahoton wannan ninki a jikin majinyata, a shekarar kuma rukunoni biyu, ɗaya a Turai ɗaya a Japan, suka ƙara wa ɓeraye kofin ƙwayar suka ga mayalin ɗinsu ya lalace. Gwargwadon yawan kofin, gwargwadon tsananin cutar. Haka abin yake a jikin mutane, domin yaran da aka samu da kofi uku ko fiye sun fi masu biyu jigata.

PLP yana tafiya ne tare da kolestarol zuwa inda ake naɗi. Idan ya yi yawa sai ya taru a rumbunan da sel ke tara abin da zai narkar, ya janye kolestarol tare da shi, tsarin jigilar kayan gini ya rikice. Irin wannan ya faru a jijiyoyin gaɓoɓi ma. A farkon shekarun 1990 aka gano cewa nau'in cutar Charcot-Marie-Tooth da ya fi yawa yana faruwa ne saboda ninkuwar ƙwayar PMP22 a kuromosom na 17. Ke nan mayalin, na ƙwaƙwalwa ne ko na gaɓoɓi, gini ne da ke bukatar kowane sinadari a kan ma'auninsa.

5.3 Ɓacewa

Tun da PLP ne furotin mafi yawa a mayalin, an yi zaton idan aka cire shi gaba ɗaya ginin ba zai tsaya ba. A 1997 Matthias Klugmann da Nave da abokan aikinsu suka ba da rahoton ɓerayen da aka cire wa ƙwayar. Ɓerayen sun tashi, sun yi gudu, sun hayayyafa. Oligodendurosait ɗinsu suna raye, sun kuma naɗa mayalin, ko da yake mannewar zagayen ba ta kai ta lafiyayye ƙarfi ba. Hausawa na cewa da babu gara ba daɗi. A sha'anin PLP1 akasin haka ne, domin babu ta fi gurɓatacce sauƙi nesa ba kusa ba.

Sai dai labarin bai ƙare a nan ba. A 1998 Ian Griffiths na Glasgow, tare da rukunin Nave, suka buga a mujallar Science cewa idan waɗannan ɓeraye suka kwana biyu, akson ɗinsu yana kumbura a wasu wurare, daga baya ya mutu, alhali mayalin yana nan a naɗe. A 2002 James Garbern na Jami'ar Wayne State da ke Detroit ya nuna haka a jikin mutanen da ba su da PLP1. Ƙuruciyarsu takan zo da sauƙi, amma daga samartaka dogayen akson suna fara lalacewa, tafiya ta ƙara wuya, jijiyoyin gaɓoɓi ma su taɓu.

Wannan ya sauya yadda masana ke kallon oligodendurosait. Ashe aikinsa bai tsaya ga rufe akson don saƙo ya yi sauri ba, shi ne kuma mai ciyar da shi. Akson da aka naɗe ya rabu da ruwan da ke kewaye da shi, don haka yana dogara ƙwarai ga wanda ya naɗe shi wajen samun abinci. A 2012 rukunin Nave a Göttingen da na Jeffrey Rothstein a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa oligodendurosait yana miƙa wa akson sinadarin laktet don ya sami kuzari.

6.0 Matsayin Uwa a Gadon Cutar

Namiji yana da X ɗaya, daga uwa ya samo shi. Mace tana da biyu. Idan uwa tana ɗauke da sauyin, kowane ɗa namiji da za ta haifa yana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 ya kamu, kowace 'ya mace kuma tana da yiwuwar kashi 50 cikin 100 ta zama mai ɗauke da shi. Wannan lissafi sabo ne a kowane ciki, haihuwar mara lafiya ɗaya ba ta kare na gaba. Gadon ya sha bamban da na sikila, wadda sai uwa da uba sun haɗu a kanta, kuma gwajin AA da AS da ake yi kafin aure ba ya nuna shi.

Kamar yadda Mary Lyon ta bayyana a 1961, kowane sel a jikin mace yana kashe aikin X ɗaya ya bar ɗaya. A ƙwaƙwalwar macen da ke ɗauke da sauyi mai tsanani, oligodendurosait da suka bar X mai matsala suna mutuwa tun tana ƙarama, lafiyayyu su hayayyafa su cike gurbinsu, ta tashi garau. Idan sauyin mai sauƙi ne, ko ɓacewa ce, waɗannan sel ba su mutuwa, suna nan a wurinsu da rauninsu. Saboda haka uwayen yara masu larura mai sauƙi su ne suka fi fuskantar matsalar tafiya ko ta tunani idan shekaru suka ja.

Akwai kuma binciken da aka yi a Faransa a 1999 a kan majinyata 82, wanda ya nuna cewa sabon ninki ya fi faruwa a ƙwayoyin haihuwa na namiji. Sau da yawa a jikin kakan yaron na wajen uwa abin ya fara, shi kuma lafiyarsa ƙalau. Babu wanda ya zaɓi wannan, babu kuma wanda ya jawo shi da wani abu da ya ci ko ya aikata.

7.0 Neman Magani

Kulawar da ake bayarwa a yau ta tallafi ce: gashi don hana gaɓoɓi ƙagewa, magunguna irin su bakulofen don sassauta sandarewa, maganin jijjiga ga mai bukata, bututun ciyarwa idan haɗiya ta gagara, da sa ido a kan ƙugu da ƙashin baya kada su karkace. Kada a raina wannan, domin shi ke ƙara wa yaro kwana da jin daɗi.

An gwada hanyoyi da dama don kai wa ga tushen cutar. A 2012 rukunin David Rowitch a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco ya ba da rahoton dasa sel na asali a ƙwaƙwalwar yara maza huɗu masu nau'i mai tsanani. Aikin bai cutar da su ba, hoton MRI ya nuna 'yan alamun mayalin, amma bai warkar da su ba. An kuma gwada abinci mai yawan kolestarol da abinci mai yawan kitse da ƙarancin sitaci a kan ɓeraye, aka ga sauƙi gwargwado.

Gwajin da ya fi jan hankali shi ne na Matthew Elitt da Paul Tesar na Jami'ar Case Western Reserve da ke Cleveland, wanda aka buga a mujallar Nature a 2020. Tunaninsu ya ginu ne a kan abin da aka bayyana a sashe na 5.3: tun da rashin furotin ya fi gurɓataccensa sauƙi, a hana sel sarrafa shi. Da suka kashe ƙwayar a ɓerayen jimpy da fasahar CRISPR, ɓerayen da ba su wuce mako uku zuwa huɗu sai ga su sun kai wata 18, lokacin da aka tsayar da gwajin. Sannan suka yi amfani da wani ɗan gajeren zaren sinadari da ake kira ASO, wanda ke manne wa saƙon ƙwayar ya sa a rushe shi kafin a karanta. Allura ɗaya bayan haihuwa ta kai ɓerayen wata 8, iyakar da aka sa wa gwajin, numfashinsu da motsinsu suka inganta, duk da cewa mayalin bai dawo cikakke ba. Irin wannan magani ba baƙo ba ne a asibiti, domin tun Disamba 2016 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da nusinersen, wanda ake yi wa yara masu shanyewar tsoka ta gado ta ruwan laka. Kamfanin Ionis ya ɗauki wannan hanya zuwa gwaji a jikin yara masu ninkin PLP1 da maganin da ya kira ION356.

Hikimar tana ga ma'auni. Ga mai ninki, manufa ita ce a mayar da furotin daidai adadinsa. Idan aka zarce aka kashe shi baki ɗaya, an kauce wa cuta mai tsanani an faɗa wa mutuwar akson ta gaba. Ga wanda ƙwayarsa ta ɓace kuwa, wannan magani ba shi da amfanin komai. Cuta ɗaya ce a suna, amma ba za a yi wa kowa magani ɗaya ba.

8.0 Abin Lura ga Ma'aikatan Lafiya

A asibitocinmu, yaron da ya kasa zama ko tafiya, gaɓoɓinsa suka sandare, akan danganta larurarsa da doguwar naƙuda, ko shawara mai tsanani, ko sanƙarau. Mafi yawan lokaci hakan gaskiya ne. A gida kuma wasu sukan kira shi ɗan ruwa, a shiga neman magani inda babu shi. Amma akwai yaran da aka haife su lafiya, suka yi kuka nan take, ba su yi shawara ba, ba su yi zazzaɓi mai zafi ba. Irin waɗannan su ne ya kamata a tsaya a kansu.

Abu na farko tambaya ce, ba ta bukatar na'ura. Yaushe idon ya fara rawa? Akwai wani namiji mai irin wannan larura a dangin uwa? A tambayi labarin kawunnan yaron da 'ya'yan 'yan'uwan uwarsa mata, domin ta nan cutar ke bi, ba ta wajen baffanni ba. Na biyu, gwajin ji da ke auna saƙo daga kunne zuwa tushen ƙwaƙwalwa yana taimakawa: igiyar farko, wadda ke fitowa daga jijiyar kunne, takan fito daidai, na baya kuma su ɓace ko su raunana. Na uku shi ne hoton MRI. Tun da kowane jariri mayalin ɗinsa bai cika ba, ƙa'idar ita ce a ɗauki hoto biyu da tazarar aƙalla wata shida, ɗaya bayan yaro ya cika shekara. Idan babu ci gaba, to ginin ne ya tsaya. Na huɗu, wajen gwajin gado a nemi wanda ke ƙidaya kofi, irin su MLPA, domin karanta haruffa kaɗai yana iya tsallake ninki, alhali shi ne mafi yawa.

Idan alamomin sun yi kama amma yarinya ce, ko PLP1 ta fito lafiya, a tuna da ƙwayar GJC2, wadda aka danganta da cuta mai kama da wannan a 2004. Ita sai an gada daga uwa da uba, don haka ta fi fitowa inda aka yi auren zumunta.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa PLP1 tana cutar da ƙwaƙwalwa ta hanyoyi uku mabambanta. Gurɓataccen furotin yana kashe sel ɗin da ke gina mayalin, wanda ya yi yawa yana rikita ginin, rashinsa kuma yana barin mayalin a tsaye amma akson ya mutu a hankali. Daga nan aka fahimci cewa oligodendurosait mai rufi ne kuma mai ciyarwa, aka kuma gane cewa rage aikin ƙwayar gado yana iya zama magani. Duk wani magani da ke tafe zai dogara ne ga sanin ainihin irin sauyin da yaro ke ɗauke da shi, da kuma gano shi da wuri, lokacin da ƙwaƙwalwa ke tsakiyar gini.

Saboda haka ina kira ga likitocin yara da na jijiyoyi da malaman jinya da su riƙa ɗaukar tarihin dangin uwa ga duk yaro namiji mai rawar ido da jinkirin girma, su kuma rubuta abin da suka gani don na baya su amfana. Idan aka tabbatar da cutar, a zaunar da miji da mata tare, a yi musu bayani da harshen da suke ji, a faɗa musu lissafin kowane ciki ba ɓoye-ɓoye, a kuma gaya wa dangi ƙarara cewa uwar yaron ba ta da laifi.